Makanikal ko lantarki? Ku taimake ni kafin in zaɓi sashe

Sabon Ɗalibi:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Na daɗe a wannan zaure ina karatu ban taɓa cewa uffan ba, yau dai lalura ta fito da ni. Allah Ya sa na samu gurbi a tsangayar injiniya. Tsarin jami'ar tamu shi ne duk 'yan shekarar farko tare muke karatu, lissafi da fiziks da kemistiri da zanen injiniya, sai a ƙarshen shekara kowa ya zaɓi sashensa. To nan gizo ke saƙar. Tun ina yaro ni mai kwance kaya ne, fanka, rediyo, keken ɗinki, duk abin da ke da noti sai na ga cikinsa. Shi ya sa zuciyata ke kan makanikal. Abokaina kuwa suna cewa zamanin ƙarfe ya wuce, lantarki da kwamfuta ne gaba. Mahaifina yana son sibil, ya ce gini ba ya ƙarewa a duniya. Ga kuma wani sashe da ake kira mekatironiks, wai ya haɗa makanikal da lantarki da kwamfuta wuri guda, shi ma yana ɗaukar hankalina. Don Allah waɗanda suka riga mu, me zan duba? Kuma yaya mutum ke tsara shekarunsa don kada ya ƙara shekara?

Mai Lantarki:
Wa alaikumus salam. Barka da samun gurbi ƙanena. Ni ina shekara ta uku a lantarki. Kafin a shiga maganar sashe, tambaya ɗaya: yaya kake da lissafi? Ba makin sakandare nake tambaya ba. In aka ba ka tambayar da ba ka taɓa ganin irinta ba, kana iya zama da ita awa ɗaya ba ka tashi ba?

Sabon Ɗalibi:
Gaskiya Yaya, makina mai kyau ne, amma yawanci haddace hanyar nake yi. In tambaya ta sauya kama sai in rikice.

Mai Lantarki:
Na ji daɗi da ka faɗi gaskiya. To wannan ce matsalarka ta farko, zaɓen sashe ta biyu ce. Bari in ba ka labarina. Na shigo da maki mai kyau kamar ka. Zangon farko na ci kwas ɗin lissafi da ake kira kalkulas na ɗaya da ƙyar, na ce ai an wuce wurin. Zango na biyu kalkulas na biyu ya kayar da ni. A raina kwas ɗaya ne, zan sake shi shi ke nan. Ranar rajista ce na gane abin da ya same ni. Kwas ɗin lissafin sauyi, wanda muke kira difarenshiyal, ba a ba ka shi sai ka ci kalkulas na biyu. Nazarin da'irar lantarki na biyu ba a ba ka shi sai ka ci difarenshiyal. Kwas ɗin sigina yana jiran wancan, kwas ɗin sarrafa na'ura yana jiran sigina. Wasu daga cikinsu kuma sau ɗaya ake koyar da su a shekara. Na zauna gaban kwamfuta ina latsa kwas tana ƙin karɓa, ina latsa wani tana ƙi. Faɗuwa ɗaya, shekara guda cur. Abokan shigata yanzu suna shekara ta huɗu.

Abin da nake so ka yi tun yau: nemo littafin tsarin karatu na tsangayarku, ka samu babbar takarda, ka rubuta kowane kwas na dole, ka ja kibiya daga kowanne zuwa wanda ke jiransa. Za ka ga sarƙa mafi tsawo. Kwasa-kwasan da ke kan wannan sarƙa su ne ba a wasa da su ko kaɗan.

Mai Kod:
Ni ra'ayina daban ne. Duk wannan wahalar ta me? Yau kamfanoni aiki suke tambaya, ba takarda ba. Ka koyi Python, yaren rubuta kod, wato umarnin da kwamfuta ke bi, ka gina abu uku ko huɗu, ka nuna. 'Yan uwan nan biyu, Wilbur da Orville Wright, da suka tashi jirgin sama a 1903, masu gyaran keke ne, babu mai digiri a cikinsu. Ka zaɓi kwamfuta, ka samu makin da zai fitar da kai, sauran lokacinka ka sa a aikin hannu.

Malamin Lissafi:
Malam Mai Kod, misalin da ka kawo yana goyon bayan abokin gardamarka ne. Su Wright ba da ka suka yi aikinsu ba. Da jiragen gwajinsu suka ƙi ba da ƙarfin ɗagawar da alƙaluman magabata suka yi alkawari, sai a 1901 suka ƙera akwatin hura iska, suka gwada siffofin fukafuki kusan 200, suna aunawa suna rubutawa suna lissafi. Abin da jami'a ke ƙoƙarin koya wa ɗalibi shi ne suka koya wa kansu, da wahala mai yawa.

Ɗana Sabon Ɗalibi, bari in kwantar maka da hankali kan zaɓen nan. Ka ɗauki wani nauyi ka rataye shi a jikin sifirin, ka ja shi ƙasa ka saki. Zai yi ta sama da ƙasa har ya tsaya. Ka ɗauki da'irar lantarki mai rezista (mai rage gudun wuta) da kapasita (mai tara wuta) da naɗin waya, ka ba ta wuta ka cire. Wutar za ta yi ta kai da kawowa har ta mutu. Lissafin da ke bayyana waɗannan abubuwa biyu guda ɗaya ne, haruffa kawai ake sauyawa. Nauyi yana tsayawa a matsayin naɗin waya, gogayya tana tsayawa a matsayin rezista, sifirin yana tsayawa a matsayin kapasita. Ɗan makanikal yana amfani da shi wajen shokobzoba na mota, ɗan lantarki wajen kama tashar rediyo, ɗan sibil wajen lissafin yadda dogon bene ke rangaji in iska ta bugo shi ko ƙasa ta girgiza. Duk shekara in na nuna wa ɗalibai wannan a allo, akwai 'yan kaɗan da nake ganin fuskarsu ta sauya, sun gane cewa katangar da ke tsakanin sassan nan ba ta kai tsayin da suke zato ba. Wanda ya riƙe lissafin shekara biyun farko da kyau, ko ya yi kuskuren sashe zai iya tsallakawa daga baya. Wanda bai riƙe ba, ko wane sashe ya shiga zai sha wuya.

Maganar hadda kuwa tana da magani. In ka karanta misali a littafi, rufe littafin ka sake yin sa da kanka daga farko. In ka maƙale, kada ka buɗe nan take, ba shi minti goma sha biyar. Karanta amsar wani yana sa mutum ya ji kamar ya iya, alhali bai iya ba, sai ranar jarrabawa asiri ya tonu.

Mai Kod:
Na karɓi gyara kan su Wright, Malam. Amma har yanzu ina nan kan bakata cewa maki kaɗai ba ya ba da aiki. Na ga masu sakamako mai daraja ta ɗaya da ba su iya riƙe ƙarfen soda na liƙa wayoyin lantarki ba.

'Yar Sibil:
Wannan gaskiya ne, amma ka raba magana biyu. A aikin manhaja za ka iya shiga ba digiri, in kod ɗinka ya lalace a gyara a sake turawa. A ɓangarenmu ba haka ba ne. Zanen gada ko bene sai injiniya mai lasisi ya sa hannu, lasisin kuma a yawancin ƙasashe yana farawa ne daga digirin da hukumar tantancewa ta amince da shi. Dalilin wannan tsanani rayuka ne.

Akwai abin da aka koya mana a shekara ta biyu da har yau ban manta ba. A ranar 17 ga Yuli 1981, a otal ɗin Hyatt Regency da ke Kansas City a Amurka, wasu hanyoyin tafiya biyu da aka rataye a sama, ɗaya bisa ɗaya, suka rufto kan jama'a. Mutum 114 suka rasu. A zanen asali, dogon rodi ɗaya ne zai sauko daga rufi ya ratsa hanyar sama ya kai ta ƙasa, kowace hanya tana zaune kan notinta. Wajen ƙira aka sauya, aka yi rodi biyu: ɗaya daga rufi zuwa hanyar sama, na biyu daga hanyar sama zuwa ta ƙasa. A ido kamar abu ɗaya ne. Amma yanzu mahaɗar hanyar sama tana ɗauke da nauyinta da na 'yar uwarta, nauyi ya ninka biyu a wuri guda. Malaminmu bai gaya mana amsar ba. Ya zana hotunan biyu a allo ya ce kowa ya ware mahaɗar ya zana ƙarfin da ke aiki a kanta. Cikin minti biyar ajin ya yi tsit, domin kowa ya ga abin da idonsa. Ilimin zangon farko ne na kwas ɗin statiks, wato nazarin ƙarfin da ke aiki kan abin da ba ya motsi, wanda ɗalibai ke rainawa suna cewa kibiyoyi ne kawai. Injiniyoyin da suka sa hannu a wannan aiki an ƙwace lasisinsu.

Don haka ƙanena, in wani ya ce maka samu makin fita kawai, ka tambaye shi wane kwas ne a ciki za ka yarda likitanka ya ci da makin fita kawai.

Sabon Ɗalibi:
Innalillahi. Anti, jikina ya yi sanyi. To ku me ya sa kuka zaɓi sibil? Kuma aikin yau da gobe yaya yake? Domin mahaifina gini kawai yake gani.

'Yar Sibil:
Sibil ya fi gini faɗi nesa ba kusa ba. Akwai masu tsarin ƙarfin gini, akwai masu nazarin ƙasa da harsashi, akwai masu ruwa da madatsai da magudanai, akwai masu hanyoyi da zirga-zirga. Ni ƙasa ce ta ja ni. Ranar da muka fara gwaji a ɗakin gwaji, aka ba mu yumɓu muna murza shi a tafin hannu kan gilashi har ya zama siririn zare mai kaurin milimita 3, muna duba lokacin da zai fara tsagewa. Na ce ashe wannan abin da muke takawa kullum yana da hali, yana kumbura in ya sha ruwa, yana tsukewa in ya bushe, kuma bene mai hawa ashirin a kansa yake dogaro.

Aikin yau da gobe kuwa ba irin na hoto ba ne, na hular kwano da nuna yatsa. Rabinsa lissafi ne da rubuta rahoto da karanta ƙa'idojin gini. Sauran rabin kana fili cikin rana kana duba ko an jera rodi yadda aka zana, kana ɗibar kankare a zuba a 'yan akwatuna, a jira kwana 28 a matse shi a inji a ga ƙarfinsa. Kankare yana jure dannawa sosai, amma ƙarfinsa wajen jure ja kusan kashi ɗaya cikin goma ne na wancan, shi ya sa ake sa masa rodi, kuma shi ya sa inda aka sa rodin yake da muhimmanci. Wani lokaci kai kaɗai ne za ka tsaya ka ce a fasa a sake, kowa yana jin haushinka.

Shawarata ita ce kada ka zaɓi sashe saboda ranarsa mafi daɗi. Ka nemi wanda ke aikin ka tambaye shi abin da ya yi ranar Talatar da ta wuce daga safe zuwa yamma. In ka ji za ka iya jure wannan Talatar shekara talatin, to ka samu sashenka.

Injiniya Mai Ritaya:
Salamu alaikum. Na karanta duka, Allah Ya yi muku albarka. 'Yata 'Yar Sibil ta yi magana mai nauyi. Ni makanikal na karanta, na yi aiki fiye da shekara talatin a masana'antu, bari in tofa albarkacin bakina kan abu biyu.

Na farko, masu cewa zamanin ƙarfe ya wuce. Yaro, motar lantarki tana da ƙafafu da birki da giya da jiki, batirinta kuma in ba a sanyaya shi ba zai lalace ko ya kama da wuta, sanyayawar nan aikin ɗan makanikal ne. Manyan ɗakunan kwamfutocin da ke riƙe da intanet babbar damuwarsu zafi ne. Injin iska mai ba da lantarki fukafuki ne da sanda da boris. Har yanzu mafi yawan wutar duniya daga injin da ke juyawa take fitowa, tururi ko gas ko ruwa ko iska ke tura shi. Abin da ya sauya shi ne ɗan makanikal na yau dole ya iya kwamfuta, ya iya zane da ita, ya iya ɗan rubuta kod. A nan Mai Kod yana da gaskiya.

Na biyu, mekatironiks da ire-irensa. Ba na kushe shi, na yi aiki da yara masu kyau da suka karanta shi. Amma shekarun digiri ba sa ƙaruwa don an haɗa fanni uku. Abin da aka ƙara a nan an rage shi a can. Yawanci za ka samu ɗan mekatironiks bai yi zurfi a ilimin zafi da na ruwa kamar ɗan makanikal ba, bai kuma yi zurfi a wutar lantarki mai ƙarfi kamar ɗan lantarki ba. In ka tabbata mutum-mutumi da injinan sarrafa kansu kake so, bismillah. In ba ka tabbata ba, ɗauki tushe mai faɗi, ka ƙware daga baya ta kwasa-kwasan zaɓi ko digiri na biyu. Na ga abin da ya faru da yaran da suka karanta injiniyan man fetur lokacin da kasuwar mai ta faɗi daga 2014 zuwa 2016. Kamfanoni suka yi ta sallamar ma'aikata, sabbin masu digiri suka fito ba mai ɗauka. Ɗan makanikal ko ɗan kemikal da ke aiki a wannan fanni ya tattara ya koma masana'antar siminti ko taki ko tashar wuta. Wanda takardarsa ta ce man fetur kaɗai sai da ya yi ta bayani kafin a saurare shi.

Mai Kod:
Baba, da girmamawa, amma tushe mai faɗi ba shi ne ke sa mutum ya fito bai ƙware a komai ba? Kamfani yana son wanda zai fara aiki ranar Litinin.

Injiniya Mai Ritaya:
Ɗana, na ɗauki ma'aikata da hannuna. Ban taɓa ɗaukar sabon mai digiri da zai iya aikin ranar Litinin ba, ko daga wane sashe. Wata shida na farko koya masa muke yi. Abin da nake dubawa shi ne in na ba shi famfon da ke zafi fiye da kima, zai iya zama ya yi tunani daga tushe? Zai tambayi nawa ruwan ke shiga, nawa ke fita, ina ƙarfin ke tafiya? Kuma zai rubuta ma'auni kusa da kowace lamba? Kada ku raina wannan. A 1999 NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, ta yi asarar kumbon da ta aika duniyar Mars, domin manhajar ɓangare ɗaya tana ba da alƙaluma da ma'aunin fam, ɗaya ɓangaren yana karanta su a matsayin niyuton, wani ma'aunin ƙarfi na daban. Bambancin ya fi ninki huɗu. Kumbon ya shiga ƙasa-ƙasa fiye da yadda aka tsara, ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Malamin da ke rage maka maki don ka manta rubuta ma'auni gata yake yi maka.

Uwar Biyu:
Ku yi haƙuri in shigo da tawa. 'Yata ce ke son injiniyan sinadarai don tana son kemistiri ƙwarai. Jami'o'i biyu muke dubawa, ɗaya shekara huɗu ɗaya shekara biyar. Ni ban yi wannan karatu ba. Wanne ya fi, kuma me zan duba?

Malamin Lissafi:
Hajiya, abu na farko ki gaya mata cewa injiniyan sinadarai ba kemistiri ba ne. Masanin kemistiri yana gano yadda abu ke haɗuwa a ƙaramar kwalba. Injiniya shi ke mayar da kwalbar nan masana'anta. Misali, Fritz Haber ya nuna yadda ake haɗa amoniya daga iska a ɗakin gwaji a 1909, amma sai da Carl Bosch da mutanensa suka warware matsalar tukwanen ƙarfe masu jure matsi da zafi kafin masana'antar farko ta fara aiki a Jamus a 1913. Takin zamani da ake yi da amoniya a yau daga nan ya samo asali. Karatun nata zai cika da lissafin abin da ya shiga da abin da ya fita, da tafiyar zafi, da gudun ruwa a bututu. In tana son lissafi da fiziks tare da kemistirin, za ta ji daɗinsa. In kemistirin kaɗai take so, ta sake tunani tun yanzu.

Yawan shekaru kuwa ya danganta da tsarin ƙasa. A Amurka shekara huɗu ne. A Ingila akwai na shekara uku, akwai na huɗu wanda ya haɗa da matakin digiri na biyu. Yawancin ƙasashen Turai, tun bayan yarjejeniyar Bologna ta 1999, suna yin uku sannan biyu. Wasu ƙasashe biyar suke yi, sau da yawa da watannin koyon aiki a masana'anta a ciki. Don haka yawan shekara kaɗai ba ya nuna inganci.

'Yar Sibil:
In ƙara a kan na Malam, Hajiya. Tambayar da ta fi ta shekaru ita ce: hukumar da ke ba injiniyoyi lasisi a ƙasar ta tantance wannan kwas ɗin? Ki lura, kwas nake cewa, ba jami'a ba. Jami'a tana iya zama sananniya, sashenta na sibil tantacce, amma sabon sashen da ta buɗe bara bai samu ba tukuna. Ku duba sunan kwas ɗin a jerin hukumar da kanku, kada ku tsaya kan abin da takardar talla ta ce. In kuma tana tunanin aiki a wata ƙasa wata rana, akwai Yarjejeniyar Washington da aka ƙulla a 1989, ƙasashe shida suka fara ta: Amurka, Birtaniya, Kanada, Ostireliya, Ayalan da Niyu Zilan, yanzu sun haura ashirin. Hukumomin da ke ciki suna amincewa da digirin da junansu suka tantance. Ba lasisi take bayarwa ba, amma tana rage wahalar sake tantance takardu.

Sannan in kun je ganin jami'ar, ku roƙi a nuna muku ɗakunan gwaji, ku tambayi ɗaliban da kuka tarar ko su ke taɓa na'urorin da hannunsu ko kallo suke yi. Kuma Hajiya, ki gaya mata kada ƙarancin mata a aji ya karya mata gwiwa. Mu kaɗan ne a ajinmu, makonnin farko a ɗakin gwaji kullum ni ake miƙa wa biro in rubuta sakamako, maza suna kan inji. Rana ɗaya na ajiye biron na ce yau ni zan kunna. Daga ranar muka koma karɓa-karɓa.

Uwar Biyu:
Allah Ya saka da alheri. Wallahi ban san akwai bambanci tsakanin tantance jami'a da tantance kwas ba. Zan nuna mata duk abin da kuka rubuta.

Mai Lantarki:
In dawo kan tsara shekaru, tunda shi ne rabin tambayar. Kada ka cika zango da kwasa-kwasai masu nauyi don gaggawa. Ƙa'idar da jami'o'in Amurka ke bi ita ce kowace awa ɗaya a aji tana buƙatar kamar awa biyu na karatu a waje. In kana da awa 18 na lakca a mako, kana maganar awa 54 ke nan, ban da rahoton ɗakin gwaji da ke cin dare. A Turai ma lissafinsu shekara ɗaya awa 1,500 zuwa 1,800 ce ta aiki. Cikakken aiki ne, ba abin da ake yi a gefe ba. Bayan faɗuwata na yi ƙoƙarin cike giɓi na ɗauki kwas takwas a zango ɗaya, na kusa sake faɗuwa biyu. Da na koma shida, makina ya tashi.

Ka kuma samu abokan karatu biyu ko uku, ba goma ba. Kowa ya gwada tambayoyin shi kaɗai tukuna, sannan ku haɗu ku yi gardama. In ka iya yi wa abokinka bayani har ya gane, to ka iya.

Mai Kod:
To ni ma ga tawa, kuma wannan ba gardama ba ce. Kowane dogon hutu ka gina abu ɗaya ka gama shi. Ƙarami ma ya isa. Na'urar auna zafin ɗaki da Arduino, ƙaramin allon lantarkin nan da ake rubuta wa kod, ko ƙaramin famfo mai kashe kansa in tanki ya cika. Ka ɗauki hoto, ka rubuta abin da ya lalace da yadda ka gyara. Abu na farko da na haɗa, na juya ƙafafun kapasita, ina ba shi wuta ya yi fau, hayaƙi ya tashi. Tun daga ranar ban sake haɗa komai ba sai na duba alamar ƙafa. Lakcocin jami'ar MIT ta Amurka suna intanet kyauta fiye da shekara ashirin, in malaminka bai gamsar da kai ba ka je ka ji na wani. Kuma ka fara neman wurin koyon aiki tun shekara ta biyu, ba a fafe gora ranar tafiya.

Injiniya Mai Ritaya:
Yanzu ka yi magana, ɗana. Abu ɗaya zan ƙara: rubutu. Injiniyan da bai iya rubuta shafi ɗaya mai ma'ana ba, wani ne zai riƙa gabatar da aikinsa. Kwas ɗin rubutun rahoto da kuke gudu, ku zauna ku koya.

Maganar mahaifinka kuma, kada ka mayar da ita ja-in-ja. Shi tsoronsa kada ka gama ka rasa abin yi. Ka zauna da shi, ka nuna masa takardar kwasa-kwasan sassan biyu, ka nuna masa inda ɗan makanikal ke aiki, har a cikin ginin da yake so, domin lif da na'urar sanyaya ɗaki da famfunan ruwa da na kashe gobara duk aikinmu ne. Uba in ya ga ɗansa ya yi bincike, yakan sassauta.

Sabon Ɗalibi:
Na gode ƙwarai Baba, na gode Anti, Malam, da yayyena duka. Jiya da daddare na yi abin da Yaya Mai Lantarki ya ce. Na manna takardu huɗu na zana kwasa-kwasan makanikal da na lantarki da kibiyoyinsu. Abin da na gani ya ba ni mamaki: har ƙarshen zango na uku kusan duk ɗaya ne, kwas uku kawai suka bambanta. Sarƙa mafi tsawo a makanikal ta fara daga kalkulas na ɗaya, ta bi ta statiks da ƙarfin kayan aiki da zanen sassan inji, ta ƙare a aikin kammalawa, zango bakwai ba hutu. Na ja mata layi da jan biro. Zuciyata tana nan kan makanikal, kuma na ga akwai gurbin kwas na zaɓi guda huɗu a shekaru biyun ƙarshe, ina tunanin in cike su da ilektironiks da sarrafa na'ura. Zan zauna da mahaifina ranar Asabar in sha Allah.

Tambaya ɗaya ta rage. Saura mako shida a fara karatu. Malam, in fara karanta kalkulas tun yanzu?

Malamin Lissafi:
A'a ɗana, bar kalkulas tukuna. Yawancin waɗanda nake gani suna faɗuwa a kalkulas sun gane sabon darasin, aljabara da tirigonometiri ne ke kayar da su a layi na uku na amsa. Ka ba aljabara mako uku, musamman rarraba jimla da logaridim da lambobi masu pawa, ka ba tirigonometiri mako uku, ka saba da auna kusurwa da radiyan maimakon digiri. Tambaya goma kullum, littafi a rufe, ba kalkuleta. Waɗanda suka gagare ka ka turo su nan ranar Juma'a, zan duba.